Jirgi naka, inji na wani

Kwanakin baya muna hira da wani abokina sai ya kawo zancen C919, jirgin fasinjan da Chaina ta ƙera. Yana ta murna, wai kwanan Boeing da Airbus ya kusa ƙarewa tunda ga Chaina ta shigo fili. Na tambaye shi wanda ya ƙera injin da ke rataye a ƙarƙashin fiffiken jirgin. Ya ce ai Chaina ce mana. Na ce masa a'a, sunan injin LEAP-1C, kamfanin CFM ne ke yin sa, shi kuwa CFM rabinsa na GE ta Amurka ne, rabi na Safran ta Faransa. Bai yarda ba sai da ya duba a wayarsa.

Tun daga ranar maganar take yi mini yawo a rai, saboda na tuna abin da ya faru a ƙarshen watan Mayun 2025. Ana tsaka da rigimar haraji tsakanin Amurka da Chaina, sai gwamnatin Amurka ta dakatar da lasisin sayar wa kamfanin COMAC, mai ƙera C919, wannan inji. Da aka ɗan sasanta a farkon Yuli, aka sake buɗe ƙofa. Ƙasa ta biyu a ƙarfin tattalin arziki a duniya ke nan, ga jirginta sabo fil, amma sa hannu ɗaya a Washinton ya isa ya tsayar da aikin.

Bari in faɗi inda na tsaya tun yanzu. Ba na jin haushin kamfanonin da suka mamaye wannan kasuwa, guminsu suke ci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gwamnatoci su mai da injin jirgin fasinja da kayan gyaransa bulalar siyasa. Ya kamata a fitar da su daga rigingimun ƙasashe, su kuma kamfanonin su sassauta riƙon da suka yi wa harkar gyara.

Su wa ke riƙe da kasuwar

A kundin kwastan na duniya an raba injunan jet gida biyu: waɗanda ƙarfin tunkuɗarsu bai wuce kiloniyutan 25 ba, da waɗanda suka haura. Kiloniyutan 25 kamar nauyin tan biyu da rabi ne. Duk jirgin jet na fasinja da ka taɓa shiga, kusan tabbas injinsa yana rukuni na biyu. Na Boeing 737 ko Airbus A320 ya haura kiloniyutan 100. GE9X da aka yi wa Boeing 777X ya kusa 600 a wajen gwaji, faɗin farfelarsa kaɗai mita 3.4.

Masu yin irin waɗannan da yatsun hannu ɗaya za ka ƙirga su: GE da Pratt & Whitney a Amurka, Rolls-Royce a Birtaniya, sai Safran a Faransa ta hanyar haɗin gwiwarta da GE. Kamfanonin Jamus da Japan, irin su MTU da IHI, suna da rabo a ciki, amma sassa suke yi a ƙarƙashin manyan.

Zaɓin mai saye ma ya fi wannan ƙunci. In ka sayi 737 MAX, LEAP kaɗai ake ɗaura masa. In A350 ne, Trent XWB na Rolls-Royce ne, babu na biyu. A320neo da Boeing 787 ne ke da zaɓi, shi ma tsakanin biyu. Wuƙa da nama duk suna hannun ƙasashe uku.

"Ai kayansu ne, su sayar wa wanda suka ga dama"

Wannan ce magana ta farko da ake tara ta da ita, kuma rabinta gaskiya ce. Wanda ya ci zomo ya ci gudu.

Dubi ƙananan ruwan farfelar da ke can cikin injin, bayan inda mai ke ƙonewa. Iskar da ke dukansu ta fi zafin da ke narkar da ƙarfen da aka yi su da shi. Abin da ke hana su narkewa shi ne ƙananan ramuka da ake hura iska mai ɗan sanyi ta cikinsu, da wani shafe irin na tangaran da ake yi musu a waje. Shi kansa ƙarfen, gamin nikel ne da ake zubawa ta yadda kowane ruwa zai fito ƙwaya ɗaya tak, babu gaɓa a cikinsa da tsagewa za ta bi. A haka suke juyawa sau dubbai a minti guda, shekara da shekaru. Wannan sani ba a littafi yake ba, yana hannun masu zubi da injiniyoyin da suka ɓata dubban ruwa kafin su gane kan abin.

Kuma an sha wuya kafin a kai nan. A watan Fabrairun 1971 Rolls-Royce ta durƙushe saboda kuɗin da injin RB211 ya laƙume, sai da gwamnatin Birtaniya ta karɓe kamfanin. Wannan injin da ya kusa kashe ta, shi ne kakan duk dangin Trent da take taƙama da su yau. Indiya ta fara aikin injin Kaveri tun shekarun 1980 don jirgin yaƙinta Tejas, ga injiniyoyi ga kuɗi, amma da injin GE Tejas yake tashi.

To na yarda, kayansu ne. Sai dai mu dubi yadda suke sayar da kayan.

Duk wanda ya taɓa sayen firinta ya san dabarar: na'urar da araha, tawadar ce ke cin aljihu. Haka cinikin inji yake. Sabon inji ana yin rangwame mai yawa a kansa, wani lokaci har a faɗi. Ribar tana zuwa daga baya, daga kayan gyara da garambawul ɗin da dole a yi wa injin duk bayan 'yan shekaru, tsawon shekara 20 zuwa 30 da zai yi yana aiki. Akwai ma tsarin da kamfanin jiragen zai riƙa biyan mai injin kuɗi a kan kowace awa da injin ya yi a sama, shi kuma ya ɗauki nauyin gyara. Tun 1962 aka fara irin wannan a Birtaniya, yanzu kuma yawancin manyan injunan Rolls-Royce a kansa suke.

Ma'ana, su da kansu suka tsara cinikin ta yadda ba ya ƙarewa ranar da aka miƙa kaya. Mai saye ya shiga alƙawari ne na shekara talatin, kuma ba shi ya zaɓi haka ba. Don haka idan gwamnati ta tashi rana ɗaya ta ce kada a ƙara tura ko ƙusa, kamar mai gini ne ya karɓi kuɗinka, ya kai gida linta, sannan ya kwashe kayan aikinsa ya hana kowane magini taɓa ginin. Ƙin sayar wa sabon mai ciniki daban, yasar da tsohon mai ciniki a tsakiyar hanya daban.

Maganar tsaro

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, wato tsoron kada abokin gaba ya kwaikwayi injin ya yi jirgin yaƙi da shi, ba zan raina ta ba. Masu kawo ta suna da labarin da suke bugun ƙirji da shi. A 1946 gwamnatin Clement Attlee ta amince a sayar wa Tarayyar Sobiyet injunan Nene na Rolls-Royce. Sobiyet ta kwance su, ta kwaikwaya, ta ɗaura a jirgin yaƙi MiG-15. 'Yan shekaru kaɗan bayan haka wannan jirgi yana kakkaɓo jiragen Amurka a yaƙin Koriya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Injin farar hula da na soja kuma 'yan gida ɗaya ne. CFM56, injin jet na fasinja da aka fi sayarwa a tarihi, zuciyarsa daga F101 aka ɗauko ta, injin da aka yi wa jirgin yaƙin Amurka B-1. Akwai masu cewa injin WS-10 na jiragen yaƙin Chaina ya ɗebi darasi daga CFM56 ɗin nan.

Amma tarihin CFM56 ɗin da kansa ya nuna mafita. A 1972 Amurka ta hana GE lasisin haɗa gwiwa da Faransawa saboda wannan tsoro. Sai da Shugaba Nixon da Shugaba Pompidou suka haɗu a Reykjavik a 1973 aka warware: zuciyar injin za a riƙa haɗa ta a Amurka, a kai ta Faransa a gama. An tsare sirri, ciniki kuma ya gudana, a 1974 aka kafa CFM. Wato ana iya raba sanin yadda ake ƙera abu da shi abin da aka ƙera. A hana fitar da fasahar zubin ruwan farfela, a hana injin soja, ba ni da ta cewa.

Abin da ya faru a 2025 kuwa ba tsaron sirri ba ne. A daidai lokacin da aka hana COMAC injin LEAP-1C, ɗaruruwan 'yan'uwansa suna ta shawagi a sararin Chaina a jikin A320neo da 737 MAX na kamfanonin ƙasar. Wane sirri ne ke cikin wannan da babu a cikin waɗancan? Kuma in da gaske barazanar tsaro ce, me ya sa ta gushe cikin makonni kaɗan da zarar an daidaita kan ciniki? Injin Nene mai sauƙin gini ne, wanda ya riƙe shi a hannu zai iya kwaikwayo. Na yau ko ka yanka shi gunduwa-gunduwa ba zai faɗa maka yadda aka zuba shi ba. Chaina tana amfani da CFM56 tun shekarun 1980, ta kafa katafaren kamfanin injuna na gwamnati a 2016, amma da C919 ya fara ɗaukar fasinja daga Shanghai zuwa Beijing a watan Mayun 2023, da injin baƙi ya tashi, nata CJ-1000A yana wajen gwaji.

"Takunkumi ya fi yaƙi"

Haka ne, ya fi. Tambayar ita ce wa yake faɗa wa a ka.

Bayan Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, Turai da Amurka sun yanke mata jirage da injuna da kayan gyara baki ɗaya. Rasha ma ba ta da bakin kuka sosai, don ta riƙe jiragen haya sama da 400 na kamfanonin waje ta ƙi mayarwa. Ba ina wanke ta ba ne.

To amma jiragen sun daina tashi? Ba su daina ba. Ƙasa mai faɗin Rasha ba za ta ajiye jirgi ba. Abin da aka koma yi shi ne a kwance wannan jirgi a gyara wancan, a bi ta hannun dillalai a ƙasashe na uku a sayo kaya a ɓoye. Iran ta yi shekaru arba'in a wannan hali, tana lallaɓa jiragen da wasu tun zamanin Shah, tsohon sarkin ƙasar, aka saye su. Waɗanda ke zaune a kujerun nan kuwa ɗalibai ne da 'yan kasuwa da tsofaffi masu zuwa ganin jikoki. Wanda ya yanke shawarar yaƙi ba ya bin layin shiga irin wannan jirgi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Za a ce wasu kamfanonin jiragen ana safarar makamai da su. Amurka ta zargi Mahan Air ta Iran da taimaka wa dakarun juyin juya hali, ta saka mata takunkumi a 2011. To a kama wanda ake zargi da sunansa. Wannan ba hujja ba ce ta hana duk jiragen ƙasa kayan da ke tsare rayukan fasinja.

An ma taɓa gwada abin da nake faɗa. Bayan yarjejeniyar wucin gadi ta nukiliya ta Nuwambar 2013, Amurka ta ba GE lasisi a 2014 ta yi wa injuna 18 da ta sayar wa Iran a ƙarshen shekarun 1970 garambawul, saboda lafiyar fasinja. Sauran takunkumin yana nan, duniya ba ta tashi ba. Abin takaici, wannan rangwame ya zama abin da ake bayarwa a ƙwace gwargwadon yanayin siyasa. A 2016 Iran ta ƙulla cinikin jirage 100 da Airbus, da wasu 80 da Boeing. A 2018 Amurka ta fice daga babbar yarjejeniyar nukiliya ta 2015 ta soke lasisin, har da na Airbus, don dokar Amurka ta ce duk jirgin da kayanta suka haura kashi 10 cikin ɗari a jikinsa sai da izininta. Airbus uku kacal suka isa Iran.

Akwai wata illar da ba a cika kawowa ba. Wannan harka gaba ɗayanta a kan takarda take tsaye: kowane sashe na inji yana da takardar da ke nuna inda aka yi shi da awannin da ya yi yana aiki. A 2023 an bankaɗo wani ƙaramin kamfani a Landan yana sayar da sassan CFM56 da takardun bogi, sai da kamfanonin jirage a nahiyoyi daban-daban suka riƙa sauke injuna suna bincike. Wannan ba shi da alaƙa da takunkumi. Amma ya nuna yadda jabun kaya ke saurin kutsawa, kuma duk wanda ya tilasta wa manyan ƙasashe komawa kasuwar bayan fage, ya ciyar da irin waɗannan dillalai ne. Kayan da suka shiga kasuwar ɓoye ba sa tambayar fasfo kafin su faɗa jikin wani jirgi.

"To kowa ya ƙera nasa"

Daɗin faɗa gare shi. Rasha ta gaji masana'antar injuna daga Sobiyet, amma dubi yadda take fama. Jirginta MC-21 ya fara tashi a 2017 da injin Pratt & Whitney, ya tashi da PD-14 na gida a ƙarshen 2020, daga nan aka yi ta ɗaga ranar miƙa shi ga kamfanoni shekara bayan shekara. Jirginta Superjet da injin haɗin gwiwa da Safran yake aiki, da aka raba gari sai da aka koma neman PD-8 na gida. In masu wannan gado suna haka, ina ga ƙasar da ba ta taɓa zuba ruwan farfela ko ɗaya ba?

Ga irin waɗannan ƙasashe, abin da ke da ma'ana shi ne wurin garambawul. Singafo ta yi haka da Rolls-Royce, Turkiyya da Pratt & Whitney a Istanbul, Maroko da Safran a Kasabalanka. Ba zai 'yantar da kai daga lasisin wani ba, amma makanikanka za su san cikin injin, kuma ba za ka riƙa bin dogon layi a wata nahiya ba.

Su ma masu riƙe da bulalar su tuna cewa baki biyu gare ta. Titaniyam mai yawa da masana'antar jiragen Turai ta dogara da shi daga kamfanin VSMPO-Avisma na Rasha yake fitowa, shi ya sa Tarayyar Turai ta yi ta kauce wa saka masa cikakken takunkumi. Shafen nan da ke kare ruwan farfela daga zafi yana buƙatar ma'adinin itiriyam, kuma yana cikin ma'adinai bakwai da Chaina ta taƙaita fitar da su a Afrilun 2025. Duk ranar da aka rufe wa Chaina ƙofar inji, an ƙara wa masu cewa a zuba kuɗi a CJ-1000A ƙarfin baki ne a Beijing. Ko ba daɗe ko ba jima za ta gama shi, kuma ranar da ta gama, GE da Safran ne za su rasa ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu.

Rabon kamfanonin a laifin

Ko babu gwamnati a ciki, kasuwar da mutum huɗu suka riƙe tana da haɗari. A Yulin 2023 Pratt & Whitney ta sanar cewa garin ƙarfen da aka yi wasu sassan injinta na A320neo da shi ya gurɓata, a watan Satumba kuma ta ce sai an sauke injuna 600 zuwa 700 an duba. Ɗaruruwan jirage suka zauna a ƙasa, kowane inji yana shafe watanni a wurin gyara. Tun kafin wannan sanarwa, a watan Mayun shekarar, kamfanin Go First na Indiya ya daina aiki yana ɗora laifin a kan matsalar injunan, ko da yake Pratt & Whitney ta musanta. A ɗaya ɓangaren ma CFM ta kasa cika oda a kan lokaci, har a 2025 Airbus ta tara gomman sababbin jirage da aka gama komai nasu suna jiran inji.

Kuskure a irin wannan aiki ba abin mamaki ba ne, kuma gara da aka faɗa aka sauke injunan. Abin da ya tsananta wahalar shi ne ƙarancin wuraren da aka yarje wa su yi gyaran. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, sai da ta kai ƙara gaban Hukumar Tarayyar Turai a 2016 kafin CFM ta sa hannu a 2018 cewa ba za ta ƙuntata wa masu gyara masu zaman kansu ba, ko waɗanda ke saka sassan da wani ya ƙera da izinin hukuma. Wannan ya kamata ya zama ƙa'ida a kan kowa da kowane sabon inji, ba sai an kai ƙara ba.

Wani zai ce duk wannan mafarki ne, ƙasashe ba za su taɓa yarda su ware wata haja daga rigimarsu ba. Ai sun riga sun yi. A 1979 aka ƙulla yarjejeniyar cinikin jiragen farar hula, ta fara aiki a 1980, ta cire kuɗin fito a kan jirage da injuna da sassansu tsakanin ƙasashen da suka sa hannu. Saboda ita ne injin guda zai haɗa sassa daga Amurka da Faransa da Japan ba tare da an tsaya lissafin kwastan a kowace iyaka ba. Da harajin Shugaba Trump na 2025 ya hau kan wannan tsari, ba a ɗauki dogon lokaci ba aka gyara. A watan Mayu, cikin yarjejeniyarsa da Birtaniya, aka keɓe injunan Rolls-Royce, waɗanda Boeing ke ɗaurawa a 787. A watan Yuli aka yi irin haka da Tarayyar Turai a kan jirage da sassansu. Watanni kaɗan ya ɗauka, da yake wannan karon masana'antunsu ne da jiragensu za su tsaya.